A Mita Nawa Ake Kama Shi? Tarihin Kalmar Fodkas Daga Gona Zuwa Wayar Hannunka

Wata Asabar da yamma muna zaune a ƙofar gida nan Hotoro, sai ƙanina ya sanar da mu cewa shi da abokinsa za su buɗe “podcast”. Baffanmu, wanda ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana aiki a wata masaƙa a Bompai, kuma har gobe ba ya rabuwa da 'yar rediyonsa, ya ɗago kai ya ce, “To madalla. A mita nawa za mu riƙa kama ku?”

Yaron ya ce, “Baffa, ai ba a mita ake kamawa ba, a waya ake ji.”

“To wa ya ba ku izini?”

“Ba a neman izini, Baffa.”

Baffa ya ɗan yi shiru, sannan ya nuna doguwar eriyar gidan talabijin na ARTV da ake hangowa daga unguwarmu, ya ce, “Su waɗancan da suka kashe maƙudan kuɗi suka kafa wannan ƙarfen, ba su da wayo kenan?”

Dariya muka yi a lokacin, amma daga baya da na zauna sai na ga tsohon ya yi tambayoyin da suka dace. Mita, izini da eriya su ne ainihin abubuwan da suka raba rediyo da wannan sabon abu. Kai ma mai karatu na san ka sha cin karo da kalmar a Facebook ko TikTok, wataƙila ma kana faɗinta. To daga ina ta fito, me take nufi tun asali, kuma me ya sa ma'anarta za ta dame mu a Kano? Abin da za mu bi diddiginsa yau kenan.

Rabin kalmar daga gona ya fito

Kalmar haɗi ce ta gutsure biyu: “pod” daga sunan na'urar iPod, sai “cast” daga kalmar “broadcast”. Bari mu fara da ta biyun, don ita ce babba a shekaru.

Tun a ƙarni na 18 manoman Ingila ke amfani da “broadcast”, kuma babu ruwanta da labarai a lokacin. Tana nufin manomi ya ɗebo iri a hannu ya watsa shi ko'ina a gona, maimakon ya bi layi yana sara yana binnewa. In ka taɓa ganin yadda ake yafa irin shinkafa ko alkama a fadama, to shi ne. Wani irin zai faɗa wuri mai kyau, wani tsuntsu ya tsince, manomi dai bai san ƙwayar da za ta tsiro ba.

Wajajen 1920, da aka fara aika murya ta iska zuwa ga duk wanda ke da akwatin kamawa, sai Turawa suka ga babu kalmar da ta dace da abin kamar wannan ta noma. Tashar KDKA ta birnin Pittsburgh a Amurka ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a watan Nuwamban 1920, BBC kuma ta fara aiki a 1922. Mai magana yana ɗaki shi kaɗai, bai san wa ke jin sa ba, kamar dai mai yafa iri.

Abin sha'awa, Bahaushe ma hanyar da ya bi kenan. Muna cewa “watsa shirye-shirye” da “watsa labarai”, da kalmar nan dai da muke watsa wa kaji tsaba. Shi ma “pod” ɗin, a Turancin yau da kullum kwanson wake yake nufi. Ka ga kalmar da samari ke faɗa da ƙwambo, in ka fasa ta, kwanso ne da watsa iri.

Rediyon farko a Kano ta waya ya shigo

Da ƙanina ya ce wa Baffa “a waya ake ji”, bai san ya taɓo tsohon tarihi ba. Rediyon da Kanawa suka fara ji, ta waya ya zo musu, wayar ƙarfe ta gaske. Gwamnatin mulkin mallaka ta fara wani tsari a Legas a 1935, inda ake kama shirye-shiryen BBC a tasha guda, sannan a rarraba su ta wayoyi zuwa akwatunan lasifika. Tsarin ya iso Kano a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. An kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a irin su majalisar Sarki, ɗakin karatu da gidan waya, masu hali kuma aka ja musu waya har gida suna biyan kuɗin haya. Akwatin ba shi da abin murɗa tasha. Abin da aka turo shi za ka ji, a lokacin da aka turo shi.

Daga nan abubuwa suka yi ta faɗaɗa. An kafa hukumar watsa shirye-shirye ta Najeriya a 1951. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris, 1957, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Muryar Amurka ta buɗe sashen Hausa a 1979, RFI kuma a 2007. A nan gida, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Hotoro a farkon shekarun 1980, wanda aka sauya wa suna zuwa ARTV bayan rasuwarsa a 2010. NTA Kano kuma tana Bompai.

Duk waɗannan na gwamnati ne, ta gida ko ta waje. Sai a 1992 gwamnatin soja ta Janar Babangida ta yi doka mai lamba 38, wadda ta kafa hukumar NBC ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Raypower ta fara a Legas a 1994. A watan Disambar 2003 Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye daga rukunin masana'antu na Sharaɗa, kuma duk wanda ya zauna a Kano a shekarun nan ya san yadda shirye-shirye irin su Inda Ranka da Kowane Gauta suka sauya hirar majalisa. Ka riƙe wannan wata na Disambar 2003, za mu dawo kansa.

Mene ne mitar da Baffa ke tambaya?

Kafin mu ci gaba, bari mu amsa tambayar farko a kimiyyance. Gidan rediyo yana ɗora murya ne a kan igiyoyin lantarki da maganaɗisu, waɗanda ke tafiya da saurin haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Kowace tasha tana da yawan kaɗawar da aka ware mata. In ka ji an ce 99.5 FM, ana nufin igiyar tana kaɗawa sau miliyan 99 da rabi a kowace daƙiƙa.

Ita kuwa “mita” tsawon igiya ɗaya ce, daga wannan tozo zuwa na gaba. Lissafin ba wuya: ka raba 300 da lambar tashar a ma'aunin megahaz. Tasha mai 99.5 igiyarta kusan mita 3 ce. Mita 49 da iyayenmu ke kama Kaduna a kai kuwa, kusan megahaz 6 kenan. Irin waɗannan igiyoyi na gajeren zango suna haurawa sama su bugi wani rukunin iska mai cajin lantarki, su dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Shi ya sa murya daga wata nahiya ke isowa Kano. Igiyar FM ba ta yin haka. Miƙe take tafiya, tudu da lanƙwasar ƙasa na tare ta, don haka dole a ɗaga eriya sama sosai in ana so ta yi nisa. Amfanin ƙarfen da Baffa ya nuna kenan, domin hoton talabijin ma haka yake tafiya.

Ga wani abu da za mu buƙata nan gaba. Filin FM gaba ɗayansa daga 87.5 ne zuwa 108. In aka bar tazarar 0.2 tsakanin tasha da tasha, gurbi ɗari da 'yan kai ne kawai, kuma a aikace ba ya kai haka a gari guda, saboda tashoshin da suka matsu da juna suna shiga wa juna. Wato iska fili ce mai iyaka, kamar rumfunan kasuwa. Tunda ba za ta ishi kowa ba, dole a sami mai rabo. Babbar hujjar lasisi tun asali kenan.

Kaset da memori

Rediyo yana da nakasu ɗaya: in shiri ya wuce ka, ya wuce. Ma'aikacin da ke aikin dare a majemar Challawa ba shi da yadda zai yi da shirin da aka sa yana bakin inji. Maganin wannan ya zo ne da kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma cika kasuwanninmu daga shekarun 1970.

Ka tuna abin da Hausawa suka yi da kaset. An naɗi tafsirin azumi ana sayarwa kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, har a sauke. An naɗi su Mamman Shata a wajen biki. Direbobin dogon zango suna tafe suna jin wa'azi. Mutanen da ke zaune a Makka ko Sudan sukan naɗi gaisuwa da saƙo a kaset su ba matafiyi ya kawo gida, a taru a tsakar gida a saurara. Babu eriya a nan, babu mita, babu wanda ya nemi lasisi.

Da wayar salula ta shigo a 2001, daga baya kuma wayoyi masu memori suka yi araha, sai sana'ar ta koma hannun masu turi. Ka je Farm Centre ko bakin kowace tasha, ka ba da memori a cika maka da karatu, waƙa ko littafin da wani ya karanta da murya. Karatuttukan Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a 2007, har yau suna yawo daga waya zuwa waya ta wannan hanya. Sai Bluetooth, sai Xender, sai saƙon murya na WhatsApp.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, ɗabi'ar ajiye murya a aljihu a ji ta lokacin da aka ga dama, kashi bayan kashi, ta riga kalmar “podcast” zuwa Kano da shekaru masu yawa. Sunan ne baƙo, da kuma hanyar isarwa.

Fabrairun 2004

Yanzu mu koma ɗaya rabin kalmar. A watan Oktoban 2001 kamfanin Apple ya fito da iPod, 'yar na'urar jin waƙa da ke shiga aljihu, mai ɗaukar waƙoƙi kusan 1,000, a kan dala 399. A daidai wannan zamani wani masanin manhaja mai suna Dave Winer ya ƙara wa tsarin RSS damar ɗaukar fayil ɗin sauti. RSS wani jeri ne da shafin intanet ke fitarwa, mai nuna sababbin abubuwan da aka ɗora. A 2003 ɗan jarida Christopher Lydon ya riƙa sakin hirarrakinsa ta wannan hanya. Abu dai ya samu, amma ba shi da suna.

A watan Fabrairun 2004, wata biyu da 'yan kwanaki bayan Freedom ta fara magana daga Sharaɗa, wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley ya yi rubutu a jaridar Guardian ta Ingila kan wannan sabon yayi. A ciki ya jero sunaye uku da yake ganin za a iya kiran abin da su, ɗaya daga ciki shi ne “podcasting”. A cikin tambaya ma ya jefo ta, bai tsaya kare ta ba. Sauran biyun suka bi ruwa, wannan ta kama. Adam Curry, tsohon mai gabatarwa a tashar MTV, ya fara shirinsa na Daily Source Code a watan Agustan shekarar, ya taimaka wajen yaɗa sunan. A watan Yunin 2005 Apple ya saka sashen irin waɗannan shirye-shirye a manhajarsa ta iTunes, kuma a ƙarshen shekarar ƙamus ɗin New Oxford American ya zaɓe ta a matsayin kalmar shekara.

Ka duba wannan daidaituwa. A lokacin da Kano ke murnar samun eriyar da ba ta gwamnati ba, a wani gefen duniya ana raɗa wa hanyar da ba ta buƙatar eriya suna.

Ba kowa ne ya so sunan ba. Wasu sun ce yana sa mutane su zaci sai da iPod ake ji, alhali kowace kwamfuta na iya yi. A 2006 wani mai shirye-shiryen fasaha, Leo Laporte, ya yi ta fafutukar a koma cewa “netcast”, bai yi nasara ba. Wasu kuma suka ƙirƙiro fassarar cewa haruffan p, o, d gajarta ce ta wasu kalmomi uku. In ka ci karo da wannan bayani, ka sani daga baya aka laƙa shi. Abin ya ƙara bunƙasa a 2014 da shirin Serial na Amurka, wanda ya bi diddigin wata shari'ar kisan kai mako bayan mako. A watan Mayun 2022 kuma Apple ya sanar da daina ƙera iPod. Na'urar ta mutu, sunanta na nan a bakin mutanen da ba su taɓa riƙe ta ba.

Kada wannan ya ba ka mamaki, mu ma muna da irinsa. Faifai abin rufe ƙwarya ne da ake saƙawa da kaba. Da garmaho ya zo da baƙin abinsa mai zagaye, sai aka ce faifan garmaho. CD ya zo, aka ce faifai. Yau wani zai turo maka bidiyon daƙiƙa talatin a WhatsApp, jarida ta rubuta “wani faifan bidiyo”, alhali babu wani abu mai zagaye a wurin.

Yadda yake aiki, da abin da zai ci maka na data

Mai shiri zai naɗi muryarsa, ko da wayar hannu ce, ya adana a fayil, galibi nau'in MP3. Sai ya ɗora shi a wata kwamfutar ajiya da ke kan intanet dare da rana. Kwamfutar za ta sabunta jerin RSS na shirin: ga sabon kashi, ga sunansa, ga inda yake. Manhajar da ke wayarka, in kana bin shirin, takan leƙa jerin lokaci-lokaci, in ta ga sabo ta sanar da kai ko ta sauke maka.

A rediyo, igiya ɗaya ce ke fita, ko mutum goma ne suka kunna ko miliyan goma, kuɗin wutar tashar bai canza ba, mai sauraro kuma batir kawai ya saya. A nan kuwa kowane mai sauraro kwafinsa daban ake aiko masa, kuma shi ke biyan kuɗin dakon. Nawa ne dakon? Muryar magana tana fita tangaram a kilobit 64 cikin daƙiƙa. Ka ninka da 60, ka raba da 8, za ka samu kilobait 480 a minti guda. Shirin minti 30 kenan zai ci kusan megabait 14 da rabi. In an naɗe shi a 128, ya zama kusan 29. Bidiyo mai tsawon haka yakan ninka wannan sau da yawa. Don haka in magana kawai kake son ji, sauke sautin ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kalmomin da ake cakuɗawa da wannan, gara mu raba su. In gidan rediyo na watsa shirinsa kai tsaye ta Facebook ko shafinsa, wannan rediyo ne ta intanet, Turawa kan ce masa “webcast” ko “livestream”. In ka makara, ka rasa farkon. Fodkas kuwa a ma'anarsa ta asali yana da siffofi uku: jeri ne mai fitowa kashi-kashi, a ajiye yake, kuma mai sauraro ke zaɓar lokacinsa. Shirye-shiryen Najeriya a Yau da Daga Laraba na jaridar Aminiya misalai ne na kusa.

Sai dai ma'anar tana zamewa. Tambayi matashi a Kano yau mene ne fodkas, zai ce maka mutum biyu ne a kan kujerun alfarma, kowa da ƙaton makirufo a gabansa, kyamara na ɗauka, a yanka a watsa a TikTok. Ba mu kaɗai ba ne: a farkon 2025 YouTube ya ce sama da mutum biliyan ɗaya ke kallon irin waɗannan shirye-shirye a dandalinsa duk wata. Kalmar da aka ƙirƙira don kunne ta koma ta ido, makirufon ma ya zama ado.

Tambayar izini

Za ka iya cewa, to mene ne abin damuwa, a kira shi duk abin da aka ga dama mana. Amsar tana cikin gutsuren nan na “cast”. In fodkas “watsa shirye-shirye” ne a idon doka, to ya shiga hurumin NBC, kuma ƙanina na buƙatar lasisi. In kuwa ɗan'uwan kaset ne da rubutun shafi, babu ruwan hukumar da shi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Yunin 2021, cikin sanarwar da ta dakatar da Twitter a Najeriya, gwamnatin tarayya ta umarci NBC ta fara shirin ba kafofin intanet lasisi. A cikin watan kuma ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya nemi Majalisar Wakilai ta saka watsa shirye-shirye ta intanet cikin dokar hukumar. Ƙungiyoyin 'yan jarida da masu kare haƙƙi suka yi ca. An ɗage dakatarwar Twitter a watan Janairun 2022, amma muhawarar ba ta mutu ba.

Ka tuna hujjar lasisi da muka gani a baya: iska ba ta isar kowa. Wannan hujja ba ta aiki a intanet, domin shirin ƙanina ba ya tare wa na kowa hanya. Ko shiri miliyan aka buɗe, babu mai shiga wa wani. Duk mai son a yi wa fodkas lasisi, sai dai ya kawo wata hujja daban, wato ta abin da ake faɗa a ciki. A nan kuma gaskiya akwai abin dubawa. A gidan rediyo akwai edita, akwai mai tace shiri, akwai tarar da ake tsoro. A ɗakin da yaro ya kafa makirufo babu ko ɗaya. Mai maganin da ke cewa yana warkar da ciwon suga da hawan jini da kwalba ɗaya, in ya zauna a kujerar nan mai kyau, sai ya yi kama da masani. Ni dai a ganina, dokokin ɓata suna da na damfara da na tallar magani sun riga sun hau kan kowa, ko a kasuwa ya yi magana ko a waya. Mayar da kowane mai waya gidan rediyo mai neman lasisi zai rufe bakin masu ƙaramin ƙarfi ne, ya bar masu kuɗi. Amma wannan ra'ayina ne, kai ma kana da naka. Abin da ba na so shi ne a yanke hukuncin alhali mu da abin ya shafa ba mu ma san me kalmar ke nufi ba.

To da Hausa me za mu ce?

Hausa na da hanya biyu da take karɓar baƙon abu. Wani lokaci ta ƙera masa suna daga kayan gida: jirgin sama, wayar iska, yanar gizo, gidan waya. Wani lokaci kuma ta ɗauki sunan ta gyara masa zama a baki: rediyo, talabijin, kaset, da majigi. Sau da yawa sunayen biyu kan yi tsere, gajeren ya ci. “Na'ura mai ƙwaƙwalwa” na nan a labarai, amma a shago kwamfuta ake cewa.

A rubuce, yawancin kafofin Hausa suna barin kalmar da rubutunta na Turanci, wasu su rubuta “podkas”. A baki kuwa abin da na fi ji shi ne fodkas, wani lokaci fodikas ko fokas. Hakan daidai yake da tsarin harshen, domin “p” ta Turanci “f” take komawa: fensir, famfo, fasinja, fetur. “T” ta ƙarshe kuma ta faɗi, tunda Hausa ba ta rufe kalma da baƙaƙe biyu a jere. Masu son fassara sukan ce “shirin sauti na intanet”, wanda ya yi bayani amma ya yi tsawo, ko “rediyon intanet”, wanda ke haɗa shi da watsawar kai tsaye da muka ce daban take.

Ni fodkas nake rubutawa, kuma ina da dalili na aiki. In kowa na rubuta tasa, mai neman shirin Hausa a intanet sai ya gwada rubutu huɗu kafin ya samu, manhajojin bincike da na fassara kuma ba za su gane abu ɗaya ake nufi ba. Daidaita rubutun zai sa shirye-shiryenmu su taru wuri guda, a same su.

Samun su ɗin kuwa yana da muhimmanci, don a nan ne fodkas ya fi rediyo amfani gare mu. Shekara tamanin kenan ana magana da Hausa ta lasifika da akwatin rediyo a Kano, kuma mafi yawan abin da aka faɗa ya bi iska. Masaƙu da majemu da kamfanonin da suka cika Bompai, Sharaɗa da Challawa da ma'aikata, da yawansu sun rufe, mutanen da suka yi aiki a ciki kuma suna ta tsufa. Yadda ake shiga aikin dare, yadda aka koyi inji a hannun wani, ranar da aka kulle ƙofa aka ce kowa ya tafi gida, kaɗan ne daga ciki aka rubuta.

Ƙanina da abokinsa da hirar ƙwallo suka yi niyyar farawa. Da na ba su wannan shawara sai suka ɗauki waya ɗaya, suka rufe tagar ɗakin zaure saboda ƙarar 'yan adaidaita, suka zaunar da Baffa. Ya ce minti biyar zai ba su. Ya yi minti 41, fayil ɗin bai kai megabait 20 ba. Da aka kunna masa ya ji muryarsa, sai ya ce a tura wa abokan aikinsa biyu da suka rage, ɗaya a Dakata ɗaya a Gezawa. Har yanzu dai bai yarda ya ce fodkas ba, kaset ɗin waya yake ce masa.

In kana da dattijo irinsa a gida, wayar hannunka ta isa. Ka nemi izininsa tukuna, ka sami wuri marar hayaniya, ka ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinsa, ka fara da tambayar aikin da ya fara yi a rayuwa.